Ƙarfe Ɗaya Ba Ya Amo: Tarihin Jan Ƙarfe da Abokan Gaminsa

Ya ku 'yan uwa mazauna wannan gari na Benin da kewayensa. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa wata gardama ce da ta tashi a rumfar awonmu kwanakin baya, bayan sallar La'asar. Wani yaro daga cikin masu tura baro ya kawo kaya kashi biyu, ƙunshin wayar wani inji da ya ƙone, da kuma tarin kawunan famfo da tsofaffin makullai. Aka ɗora a sikeli, nauyi kusan ɗaya, amma da aka zo biya sai kuɗin wayar ya ɗara na famfo nesa ba kusa ba. Yaro ya ce atafau an cuce shi, domin a cewarsa famfo ya fi ƙyalli, ya fi ƙarfi, kuma ya ji da kunnensa maƙeran titin Igun na cewa shi suke nema, ba jan ba. Aka yi ta ka-ce-na-ce, manya da yara, kowa ya san farashi amma aka rasa mai faɗin dalili. Wannan abu ya ba mu kunya. Shekara da shekaru muna cin abinci da wannan ƙarfe, amma ba mu san halinsa ba, ba mu kuma san cewa kakanninmu sun yi fataucinsa tun kafin a san Bature a ƙasar nan ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattara abin da ya sawwaƙa, mu ajiye wa na baya.

Da farko sai mu daidaita sunaye, don kada mu ruɗe. Jan ƙarfe shi ne tsantsar nan mai launin ja, wanda tsofaffi ke kira jan gaci, 'yan gwangwan kuma ke kira kofa. Idan aka narka shi aka gama da wani ƙarfe, Bahaushe yakan ce tagulla. To amma tagulla iri-iri ce. Akwai wadda aka gama da kuza, akwai wadda aka gama da tutiya, wato ruwan ɗorawar nan da muke kira biras a wurin awo, kuma kowace daga cikinsu ana iya ƙara mata dalma. A wannan rubutu za mu riƙa cewa tagullar kuza da tagullar tutiya.

Halin jan ƙarfe shi kaɗai

Jan ƙarfe na cikin ƙarafan farko da ɗan Adam ya sarrafa, domin akan tsince shi wani lokaci a tsantsarsa cikin duwatsu. Mu da muka yi Islamiyya mun san ambatonsa a Suratul Kahfi, inda Zulƙarnaini ya kwarara narkakkensa a kan guntayen baƙin ƙarfe, da kuma Suratu Saba'i a cikin ni'imomin da aka yi wa Annabi Sulaimanu (AS). Halinsa shi ne laushi. Kana iya lanƙwasa shi da hannu, kana iya buga shi ya yi faɗi kamar takarda, kana iya jan shi ya yi siriri kamar zare bai tsinke ba. Ba ya cinyewa da tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, sai dai ya yi kore a bayansa. Kuma in ban da azurfa, babu ƙarfen da ya kai shi saurin wucewa da zafi da wutar lantarki.

Amma yana da aibi biyu da suka dami maƙeran farko. Na ɗaya, wuƙar da aka yi da shi ba ta riƙe kaifi. Gaskiya ne in aka yi ta dukansa da guduma yakan yi tauri, amma in dukan ya yi yawa sai ya tsage, dole a mayar da shi wuta ya sake laushi. Na biyu, ba ya son zubi. Sai zafi ya kai digiri 1,085 yake narkewa, in ya narke kuma yakan sha iska, yana hucewa sai ka ga cikinsa duk 'yan ramuka kamar burodi.

Kuza ya shigo

Wajen shekara 3,000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), maƙera a yankin da yau ake kira Iraƙi da Turkiyya suka fara gama jan ƙarfe da kuza. Abin mamaki a nan shi ne kuza ya fi jan ƙarfe laushi, a digiri 232 kacal yake narkewa. Amma in ka ɗauki kashi 90 na jan ƙarfe ka zuba masa kashi 10 na kuza, abin da zai fito taurinsa ya kusa ninka na jan ƙarfe, in an buge shi kuma ya ƙara. Yana narkewa a zafin da bai kai na tsantsa ba, yana kwarara cikin mazubi ya cika kowane lungu, launinsa kuma ya koma ruwan ƙasa-ƙasa mai haske.

Mai karatu zai ce yaya laushi biyu za su haifi tauri? Masana suka ce kowane ƙarfe an gina shi ne da 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, a jere sahu-sahu. A tsantsar jan ƙarfe duk girmansu ɗaya, saboda haka in an matsa sai sahu ya zame a kan sahu, wannan shi ne laushin. Duk wanda ya taɓa lodin tirela ya san cewa buhuna masu girma ɗaya da aka jera sumul su suka fi saurin zamewa a kwana, amma in an cusa manya a tsakanin ƙanana sai su cije juna. Haka ƙwayoyin kuza suke yi a cikin jan ƙarfe. To amma wannan cijewar da ta kawo ƙarfi, ita ce kuma ke tare wa wutar lantarki hanya, kamar titin da aka cika shi da shinge. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Mutanen da sun san wannan awo sarai. A shekarar 1982 aka gano wani jirgin ruwa da ya nutse a Uluburun, gaɓar tekun Turkiyya, tun wajen shekara 1,300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A cikinsa aka sami jan ƙarfe kimanin tan 10 da kuza kimanin tan 1. Ka ga ke nan fataken sun yi lodi daidai da yadda maƙeri zai gama, goma da ɗaya.

In aka ƙara kuza kuma hali sai ya sake. A kashi 20 zuwa 23 cikin 100 ake samun ƙarfen ƙararrawa, mai amo mai daɗi da nisa, amma in ya faɗi da ƙarfi yana iya fashewa kamar tukunya. In kuza ya kai kashi ɗaya cikin uku sai ƙarfen ya yi fari fat, a goge shi ya zama madubi, amma ba ya jure duka ko kaɗan. Ashe da Bahaushe ya ce ƙarfe ɗaya ba ya amo, ya faɗi gaskiya har ta wannan fuskar. Jan ƙarfe tsantsa in ka buga shi, ƙararsa a dushe take.

Tutiya da dalma

Tutiya ta fi wuyar sha'ani, domin a digiri 907 take tafasa ta bi iska, tun kafin jan ƙarfe ya narke. Saboda haka mutanen da suka yi dabara. Sukan zuba guntayen jan ƙarfe da garin dutsen tutiya da gawayi a tukunya, su rufe bakinta, su ba ta wuta, sai tururin tutiyar ya shige jikin jan ƙarfen. Da haka Rumawa suka riƙa buga kuɗi tun ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ta wannan hanya tutiyar da ke shiga ba ta cika wuce kashi 28 zuwa 30 cikin 100 ba. Mutanen Zawar a ƙasar Indiya su suka daɗe da iya fitar da tutiya tsantsa da yawa, a Ingila kuwa sai a 1738 wani mai suna William Champion ya yi rajistar tasa hanyar. Wannan ya sa in aka kawo wa masana wani abu aka ce tsoho ne, suka auna suka ga tutiyarsa ta wuce kima, sai su gane ƙirar baya-bayan nan ce.

Tutiya tana sake launi a hankali. In kaɗan ce, kamar kashi 10 zuwa 15, ƙarfen yakan yi kama da zinariya mai ja-ja. A kashi 30 sai ya zama ruwan ɗorawa sosai, yana da ƙarfi kuma yana jure lanƙwasa, shi ne ake yin kwanson harsashi da shi. In ta kai rabi sai ya yi fari-fari ya zama mai karyewa, ba shi da amfani.

Ita kuwa dalma nata halin daban. Ba ta narkewa ta saje da jan ƙarfe, sai dai ta warwatsu a cikinsa ɗigo-ɗigo kamar mai a cikin miya. Amfaninta shi ne tana sa narkakken ƙarfe ya gudu ya shiga ƙananan zane, tana kuma sa ya yanku da sauƙi a inji. Shi ya sa tsofaffin kawunan famfo ke ɗauke da 'yar dalma, kamar kashi 2 ko 3. Aibinta shi ne ƙarfe mai dalma da yawa ba ya son guduma, tsagewa yake yi, ga shi kuma guba ce ga jikin mutum.

A ƙasarmu

Kada wani ya zaci wannan ilmi sai a ƙetare. A 1938 wani mutum yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa a Igbo-Ukwu, cikin jihar Anambara ta yau, sai ya ci karo da kayan tagulla. Daga baya wani masani, Thurstan Shaw, ya yi tono a wurin a 1959 zuwa 1960 da kuma 1964. An kimanta shekarun kayan da ƙarni na 9 ko na 10. Abin lura shi ne, kayan da aka yi da zubi, kamar tukunyar nan da aka kewaye da igiyar ƙarfe, da tagullar kuza mai dalma aka yi su, amma waɗanda aka buga ko aka murɗa, da jan ƙarfe kusan tsantsa aka yi su. Wato shekara dubu da suka wuce maƙerin ya san wanne ke son wuta, wanne ke son guduma.

Ta arewa kuma ga labarin Takadda, a ƙasar Nijar ta yau, wajen da masana suka danganta da kangon Azelik, yamma da Agadas. Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya sauka can a 1353. Ya ba da labarin cewa ana haƙo jan ƙarfe a bayan gari, a narka a gidaje, a yi shi sanda-sanda, masu kauri da sirara. Masu kauri 400 ne miskalin zinariya, sirara kuma 600 ko 700. Su ne kuɗin garin, da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri ake sayen gero da man shanu da alkama, har da bayi. Ya ce ana kai shi Barno, tafiyar kwana 40, ana kuma kai shi wata ƙasa da ya rubuta sunanta Kubar, wadda masana suka ce Gobir ce. Ka ga jan ƙarfe na cikin hajar da ta fara shigar da sunan wata ƙasar Hausa cikin littafi.

Tagullar tutiya kuwa daga hayin Sahara take zuwa a kan raƙuma. A 1964 wani Bafaranshe, Theodore Monod, ya tarar da kayan wani ayari a binne cikin rairayi a Ma'adin Ijafen, ƙasar Muritaniya. Sandunan tagulla 2,085 ne, tare da tarin wuri, tutiyar da ke cikinsu kimanin kashi 20 cikin 100, kuma sun kai wajen shekara 800 a wurin. Allah kaɗai Ya san abin da ya sami masu kayan. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa asarar lodi a hanya ya san irin wannan ciwo. Wannan fatauci bai yanke ba, domin da Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya zo Kano a 1851, ya lissafa jan ƙarfe cikin kayan da ake shigowa da su, wani daga Tarabulus, wani daga Hufratun Nahas da ke kudu da Darfur. Kuza kuwa namu ne na gida. Mutanen Riruwai a ƙasar Kano da na Liruwen Dalma sun daɗe suna narka shi suna zuba shi siri-siri kamar tsinke, fatake na yawo da shi, kuma bin sawun waɗannan tsinkaye ne ya kai Turawa ga kuzan Jos a farkon ƙarni na 20. Maƙeran farinmu da na Bida, masu yin mundaye da tasoshi da likkafa da adon linzami, da irin waɗannan ƙarafa suka yi ta aiki.

A Ile-Ife ma a 1938 masu haƙa harsashin gini a gidan Wunmonije, kusa da fadar Ooni, suka tono kawunan mutane na ƙarfe fiye da goma. Yawancinsu tagullar tutiya ce mai dalma, amma wasu jan ƙarfe ne kusan tsantsa. Haka ma mutum-mutumin nan na zaune da aka samu a ƙauyen Tada, bakin Kwara a ƙasar Nufe. Mun riga mun faɗi yadda tsantsa ke ƙin zubi, don haka masana ke jinjina wa waɗanda suka iya yin wannan aiki da gawayi da zuga-zugi kawai.

Garin da muke zaune

Yanzu sai mu dawo gida. Masu masaukinmu suna ba da tarihi cewa Oba Oguola ne ya nemi a turo masa gwanin zubi daga Ife, kuma zuriyar masu wannan sana'a su ne a titin Igun har yau. Yadda suke yi, da yawanmu mun gani da ido. A gina siffa da yumɓu, a lulluɓe da kakin zuma a yi duk zanen da ake so a jikinsa, a sake rufewa da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, sannan a kwarara narkakken ƙarfe ya maye gurbinsa. In ya huce a fasa yumɓun. Mazubi ɗaya, zubi ɗaya, in ƙarfe bai gudu ya cika ba aikin makonni ya tashi a banza. Ga dalilin da ya sa suke son tagulla mai tutiya da 'yar dalma.

Da Turawan Fotugal suka iso nan wajen 1485, abin da suka fi kawowa shi ne mundayen tagulla da ake kira manila. Wani jami'insu, Duarte Pacheco Pereira, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa da munduwa 12 zuwa 15 ake sayen bawa guda. Wannan abin baƙin ciki ne, amma tarihi ba a yi masa kwaskwarima. Waɗannan mundaye su aka riƙa narkawa ana zuba allunan da suka ƙawata ginshiƙan fada. A 2023 wasu masana ƙarƙashin Tobias Skowronek na ƙasar Jamus suka auna mundaye 67, yawancinsu daga jiragen da suka nutse, suka ga dalmar da ke cikin na farko-farkon ta yi daidai da ta kayan Benin, kuma asalinta yankin kogin Rhine ne a Jamus. Wato gamin da ke cikin ƙarfe kamar shaidar haihuwa yake, yana faɗin inda ya fito ko bayan shekara 500.

A watan Fabrairu na 1897 sojojin Ingila suka ci garin nan, suka kwashe dubban kayan fada, suka kai Oba Ovonramwen Kalaba inda ya rasu a 1914. Ɗansa Oba Eweka na Biyu shi ya farfaɗo da sana'ar. Turawa suka laƙaba wa kayan sunan tagullar kuza a harshensu, alhali yawancinsu tagullar tutiya ce. An daɗe ana neman a dawo da su. A 2022 Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar fiye da guda 1,000, a 2025 kuma Holan ta dawo da 119. Su kuwa mundayen manila sun ci gaba da zama kuɗi a gabashin ƙasar nan har sai da gwamnatin mulkin mallaka ta janye su a 1948 zuwa 1949, aka tattara fiye da miliyan 32.

Har a aljihunmu

Dattawanmu za su tuna kwabo mai huji. Kalmar kwabo ma daga sunan jan ƙarfe a Turanci ta samo asali. Amma kwabo da anini na farkon zamanin Turawa farare ne, domin an gama jan ƙarfe kashi 75 da nikel kashi 25, kuma nikel ko kaɗan ne yakan kashe jan launi, ya ba da ƙarfe mai jure gumi da gogayya. A 1952 aka koma jan kwabo na tagulla. Sule ya fara da azurfa a 1913, da azurfa ta yi tsada a 1920 aka mayar da shi tagulla ruwan ɗorawa. Mu da muka taso da Naira ta 1973 mun san kwabo ɗaya ja ne, kwabo biyar da goma da ashirin da biyar kuma farare, alhali jan ƙarfe ne ya fi yawa a cikinsu duka. Kuɗin 1991 kuwa baƙin ƙarfe ne aka yi wa shafe, shi ya sa mayen ƙarfe ke kama su.

Amsar yaronmu, da abin da ya rage gare mu

To ga amsar gardamar. Waya ta fi tsada domin tsantsa ce, kuma lantarki tsantsa yake so. Tagulla mai tutiya kashi 30 ba ta wucewa da wuta ko kashi ɗaya cikin uku na abin da jan ƙarfe ke wucewa da shi, ta kuza ma ta fi haka rauni. Ga shi tutiya ta fi jan ƙarfe araha, kuma tsantsa kana iya mayar da ita kowace irin tagulla, amma raba gami aiki ne na babbar masana'anta. Maƙerin Igun kuma yana son famfo domin shi gudu da launi yake nema. Yaro ba a cuce shi ba, shi ma bai yi ƙarya ba.

Mu kanmu rashin sani ya taɓa cin mu. Wata shekara wani baƙo ya kawo mana buhunan waya ja wur, farashi da sauƙi, muka yi murna muka biya. Da muka kai wa mai saye ya sa magagari ya kankare, sai ga fari a ciki. Alminiyom ne aka yi wa riga. Rabin jarinmu ya tafi a ranar, kuma da mun lura da rashin nauyin buhunan da mun tsira. Saboda haka muke kira ga matasanmu, kada mayen ƙarfe da magagari su bar aljihunku. In maye ya kama, baƙin ƙarfe ne aka shafe. In ka kankare ka ga ja, jan ƙarfe ne, in ruwan ɗorawa tagulla ce, in fari kuma ga rashin nauyi, ka san abin da ka riƙe. Kada kuma ku cakuɗa wa maƙeri kaya don sikeli ya yi nauyi, guntun baƙin ƙarfe ko alminiyom guda na iya ɓata masa zubi, ya ɓata maka suna.

Sai maganar lafiya. Farin hayaƙin da ke tashi in ana narka tagulla tutiya ce ke ƙonewa, yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Ƙona robar waya a tsakiyar unguwa cutar da kai ne da maƙwabta. Dalma kuwa ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubarta ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara. Kada a narka ta a gidan da yara ke rarrafe, kada a bar abinci mai tsami ya kwana a tasar tagullar da ba a yi wa cikinta shafen kuza ba.

Abu mafi nauyi muka bari a ƙarshe. Tsadar jan ƙarfe ita ke sa ɓata-gari yanke wayar lantarki da farke taransfoma, kuma duk sanda aka yi haka unguwarmu ake fara nunawa da yatsa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, ɓarawo ba zai yanko ba sai ya san akwai sikelin da zai karɓa. Sabuwar waya mai kauri da aka daddatsa, a hannun wanda ba ka sani ba, da tsakar dare, ba ta bukatar dogon bincike. Haka nan tsohon kayan tagulla, ƙararrawa ko kai ko guntun allo mai zane, wanda ya yi kama da na fada ko na wurin al'adar masu gari. Doka ta 77 ta 1979 ta hana cinikin kayan tarihi in ba da izinin hukumar gidajen tarihi ba, kuma mutanen da suka shafe shekara da shekaru suna neman kayansu daga Turai ba za su yafe wa wanda ya narka ɗaya a kan kuɗin kilo ba. Duk wanda aka kawo wa irin wannan, ya sanar da shugabannin ƙungiya ko fadar Sarkin Hausawa kafin ya taɓa. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma mu baƙi ne masu iyali da dukiya a nan.

Fataken da suka ɗauko sandunan Takadda zuwa Gobir da amana suka yi ciniki, shi ya sa hanyar ta daɗe. Muna roƙon dattawan da suka yi zamani da maƙeran fari a gida, ko suka san tsofaffin sunayen waɗannan ƙarafa, su aiko wa wannan mujalla abin da suka sani don a ƙara. Allah Ya ba mu halal, Ya tsare mu da rikicin zamani, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, amin.